Ƙarafen Tsohuwar Gada

Ranar Talata da la'asar, bayan ruwan sama ya ɗauke, aka ɗauko gawar Sa'ida daga ƙarƙashin tsohuwar gadar da ke kan hanyar Bengu zuwa Gaya. Ta je ƙauye sayen shinkafar da take turarawa ta sayar. Da za ta dawo, ruwa ya shafe sabuwar hanya, sai mai kabu-kabun da ya ɗauko ta a moto, wato babur, ya bi ta tsohuwar. A tsakiyar gada taya ta zame cikin laka. Da ƙarafen gefen gadar suna nan, da sun tare su. Amma babu su. Wani ya yanke su kaf, ya bar kututturai tsaye kamar haƙoran tsoho. Mai moto ya tsira da karayar ƙafa. Sa'ida kuwa kanta ne ya bugi dutse.

Kafin a dawo daga maƙabarta gari ya riga ya yanke hukunci. Kowa ka ji, sunan Garba yake kira, mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayan tasha. Wasu suka ce a'a, mutanen ƙetare ne, sun tsallaka da kayan cikin kwalekwale. Jandarmomi suka zo, suka duba, suka ɗauki hoto, suka tafi.

Malam Seyni shi ne kawun Sa'ida, yayan mahaifiyarta, kuma a hannunsa ta tashi tun rasuwar ubanta. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun namun daji da na mafarauta a aikin gandun daji. Da ya tsufa sai ya zama wanda ake nema in an kore shanu ko an fasa rumbu, daga Tanda har Bana. Amma wannan karon ƙafarsa ta ƙi tashi. Yana zaune kan tabarma a ƙofar gida yana amsa gaisuwa, har ƙanwarsa Jummai, uwar mamaciyar, ta aiko a kira shi ciki.

Ya same ta da 'yar Sa'ida, Nafisa, tana barci a cinyarta.

"Yaya," ta ce, "ka nemo wa bare akuyarsa, ka nemo wa baƙo jakinsa. Yau 'yarka ce. Ina so in ga fuskar wanda ya yi wannan."

"Jummai, ganin fuskarsa ba zai dawo da ita ba."

"Na sani. Ka dai nuna mini shi."

* * *

Washegari da hantsi ya isa gadar. Ruwa ya wanke duk wani sawu, 'yan kallo kuma sun tattake abin da ya saura. Sai ya bar ƙasa, ya durƙusa gaban kututturan.

Ya sha ganin ƙarfen da ɓarayi suka yanka da injin faifai, irin mai feshin wuta. Bakin yankan yakan yi shuɗi, fenti ya ƙone, gefen ya yi kaushi har ya yanki yatsa. Wannan ba haka yake ba. Bakin sumul yake, yana ƙyalli, jan fenti da fari na gadar suna nan har gaɓar yankan, ko alamar zafi babu. A cikin tsagar siminti, inda ruwa bai kai ba, ya tono ɓurɓushin ƙarfe da tsinke. Ba baƙar ƙurar ƙarfe ba ce. Manya ne, farare, kamar ɓawon jikin kifi.

Ya gangara ƙarƙashin gadar, yana kau da ido daga dutsen da kowa ke nunawa. Cikin ciyawa ya tsinci wani guntun bututu, faɗinsa kamar munduwa. Ya shafa bakinsa da babban yatsa. A kan santsin akwai wani ƙarce mai zurfi da ke maimaita kansa, layi bayan layi. Ya hau ya sake duba kututturan. Kowanne yana da wannan ƙarcen.

Wata mai tallan nono ta tsaya tana kallonsa, ƙwarya a ka.

"Fofo, sannu Baba. Kai ne mai bin sawu?"

"Ni ne. Kina bin nan kullum?"

"Kullum. Sunana Fatuma. Ranar Juma'a da safe na jingina da ƙarfen nan na huta. Da na dawo da yamma babu shi."

"Ba ki ga kowa ba?"

"Lokacin da maza suka tafi masallaci ina rugarmu, na ji ƙarar gurup, injin wutar lantarki, daga wajen nan, da wata ƙara kamar ana ɓarzar masara. Na ɗauka masu gyaran hanya ne. Daga baya na hangi moto mai ƙafa uku ta nufi Gaya, an rufe bayanta da tamfol."

"Mutum nawa?"

"Shi kaɗai. Nesa ce, ban ga fuska ba."

* * *

Garba yana zaune cikin tarin ƙarafansa kamar wanda aka yi wa rasuwa shi ma. An jefe masa ƙofa da duwatsu, matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu. Da ya ga Seyni sai ya miƙe.

"Baba, ka duba ko'ina. Wallahi ni abin da aka kawo mini nake saye. Ban taɓa yanke abin da ke tsaye ba."

"Da me kake yanka?"

Garba ya jawo wani tsohon injin faifai, waya duk ɗauri. Seyni ya sa shi ya yanka bututu. Tartsatsi ya tashi, wari ya cika wurin, bakin ƙarfen ya yi shuɗi. Seyni ya jira ya huce, ya ajiye shi kusa da guntun da ya tsinto.

"Ka taɓa ganin yanka irin wannan?"

Garba ya juya guntun, ya girgiza kai. "Wannan ba aikin talaka ba ne. Na ji an ce akwai wani sabon zarto mai haƙora da ke cin ƙarfe ba wuta. Ka tambayi Zakari mai kankayeri, mai shagon kayan gini. In ya shigo Gaya, ta shagonsa ya bi."

"Ka rufe ƙofarka, ka zauna a gida," in ji Seyni. "Kada ka gudu. In ka gudu ka amsa laifi."

* * *

Shagon Zakari, inda ake sayar da kayan gini da na ƙira, rabinsa wayam yake. Tun da aka rufe iyakar Benin kaya suka daina zuwa yadda aka saba. Ya yi wa Seyni gaisuwar rashi, ya ba shi kujera, sannan ya karɓi guntun. Kallo ɗaya ya yi masa.

"Zarto mai yanka a bushe ne. Ba ruwa, ba mai, ba wuta. Faifansa na ƙarfe ne mai haƙora, yana juyawa a hankali, yana ɓantara maimakon ya ƙona. Kana gama yanka ka kama da hannu. Wannan ƙarcen kuwa, haƙori ɗaya ne ya ɓalle, shi ke barin wannan layin."

"Su wa ke da shi a garin nan?"

Zakari ya ce, "Biyu na kawo kafin a rufe hanya. Alhaji Yacuba mai ƙera ƙofofi ya ɗauki babba, na ɗorawa kan teburi. Ƙaramin, na riƙewa a hannu..." Ya dubi ƙasa. "Baba, ai ka san inda yake. Alassan ne ya saya."

Alassan mijin Sa'ida ne, mai walda. Seyni da kansa ya karɓi sadakinsa, da kansa ya ce wa Jummai yaron kirki ne.

"Na ce shi ya saya," Zakari ya ci gaba, muryarsa ta canza, "amma gaskiya ita ce ta zaɓa. Ka tuna lokacin da tartsatsi ya shiga idonsa, ya yi kwanaki da bandeji? Bayan ya warke ta kawo shi nan. Shi yana ta nuna injin faifai irin wanda ya saba, yana cewa ya fi sauƙi, faifansa ko'ina akwai. Ita kuwa ta tsaya nan inda kake, ta ce, 'Malam Zakari, wanne ne ba ya watsa wuta?' Na fito da wannan. Ta tambayi kaurin ƙarfen da yake ci, ta tambaya ko gurup ɗinsu zai iya ɗaukarsa, ta tambaya in faifan ya dakushe ina za a samu wani. Na gaya mata gaskiya, na ce faifan yana da wuyar samu, kuma ba ya son a matsa masa. Ta sa na yanka bututu a gabanta. Ta ɗora tafin hannunta a kan yankan, ta ji sanyi, sai ta yi dariya ta ce, 'Shi za mu ɗauka. Ido biyu na aura, ido biyu nake so.'"

Seyni ya miƙa hannu ya karɓi guntunsa. Ya daɗe yana neman bakin aljihunsa.

* * *

Ya fara zuwa wurin Alhaji Yacuba, yana fata a ransa abin da bai kamata mutum ya yi wa wani fata ba. Alhaji ya hasala da jin tambayar.

"Ni za a zo a bincika? Ni da na ba da ƙofar masallacin unguwa kyauta?"

Duk da haka ya sa aka yaye ledar da ke kan injin. An kafe shi da ƙusoshi a kan teburin siminti, mutum biyu ba za su ɗaga shi ba. Seyni ya juya faifan da yatsa, haƙori bayan haƙori. Duk suna nan. Aka yanka masa bututu, bakin ya fito kamar madubi, babu ƙarce.

Ya fito ya tsaya a bakin titi. Manyan motoci na jere, direbobi na kwance a inuwarsu. Ya ce wa kansa ai kayan aiki aro ake yi. Mai walda yakan ba abokinsa, aboki ya ba wani. Wannan tunanin ya riƙe har ƙofar shagon Alassan.

Ya same shi shi kaɗai, ƙofa a rabin buɗe, yana zaune a ƙasa. Ya rame kamar wanda ya yi jinya. Tun ranar jana'iza ba wanda ya ji maganarsa, mutane na cewa baƙin ciki ne ya ɗaure masa harshe.

"Alassan, ina zarton da Sa'ida ta zaɓa maka?"

Alassan ya nuna wani akwati da haɓa. Seyni ya buɗe. Injin yana ciki, amma an cire faifan.

"Ina faifan?"

"Ya lalace, Kawu."

"Wa ka ba aro a 'yan kwanakin nan? Ka tuna da kyau. Ko na rabin yini ne. Ko wani ya ɗauka ba ka nan."

Seyni ya ji yadda muryarsa ta fita, kamar mai roƙo. Alassan ya ɗago ya dube shi, idanunsa jajur.

"Ban taɓa ba kowa aronsa ba."

Tsohon ya rufe akwatin a hankali, ya fita. Da Jummai ta tambaye shi da yamma, ya ce mata sawun bai fito ba tukuna. Bai taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar.

* * *

Ranar addu'ar bakwai aka taru a gidan Alassan. Maza suka zauna ƙarƙashin wata sabuwar rumfa mai rufin kwano a gefen tsakar gida. Manyan tukwanen turara shinkafa suna jere a kusurwarta, a kife. Wani maƙwabci ya ce wa Seyni, "Allah Sarki, ko kwana uku ba ta yi tana aiki a ciki ba. Damina biyu tana roƙonsa ya yi mata, ruwa na kashe mata wuta."

Seyni ya dubi ginshiƙan. An shafe su da koren fenti, sabo. Ya san abin da bututu ya zama a Gaya tun da aka rufe hanya. Ya miƙe kamar mai neman miƙe ƙafa, ya kai hannu kan bakin ƙarfen da aka gicciya a sama, inda ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin kwano. Yatsansa ya bi santsin. Ya ji layin. Ya sake bi, ya sake ji.

Ya koma ya zauna. Liman yana addu'a, shi bai ji ko kalma ɗaya ba. Yana tunanin Nafisa da ta rasa uwa. In ya yi shiru, za ta tashi da uba. Babu wanda ya sani sai shi.

Ana shafa fatiha sai hayaniya ta taso daga waje. Samarin unguwa ne suka jawo Garba, rigarsa a yage, jini a bakinsa. Wani na riƙe da sanda, wani da galan ɗin fetur. Suka jefa shi gaban rumfar.

"Ga shi nan! Ya faɗa a gaban uwarta!"

Mata suka fito daga ɗaki, Jummai a gaba. Alhaji Yacuba ya tashi yana cewa a kira jandarma, ba wanda ya saurare shi. Zakari ya raɓe jikin bango. Garba ya rarrafo ya kama ƙafar Seyni.

"Baba, kai ka ce kada in gudu."

Seyni ya tashi tsaye. Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit.

"Ku sake shi. Injinsa wuta yake yi, ƙarfen gada kuwa ba a ƙona shi ba. Na Alhaji a kafe yake, haƙoransa cikakku. Wanda ya yanka gada da zarto mai haƙora ya yanka, kuma haƙori ɗaya ya ɓalle."

Ya fito da guntun ya miƙa wa liman. Sannan ya zaro 'yar wuƙarsa, ya je ga ginshiƙin da ke kusa da shi, ya kankare koren fentin. Ja ya fito. Ya matsa ƙasa kaɗan ya sake kankarewa. Fari ya fito.

Mutanen da ke zaune ƙarƙashin rumfar suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, har ya saura Alassan shi kaɗai a kan tabarma.

"Yaya," in ji Jummai, "me kake nuna mini?"

Alassan ne ya amsa, kansa a sunkuye.

"Ni ne, Inna. Ni na yanke."

Ya ci gaba, bai ɗago ba.

"Na nemi bututu har Kamba ban samu wanda zan iya saye ba. Ruwa ya sake lalata mata shinkafa, na same ta tana kuka. Na ce a raina tsohuwar gada ba mai bin ta sai jakuna. Na ce in hanya ta buɗe zan mayar. Da ta tambaye ni inda na samu, na ce wani ne ya rushe gareji. Ta yi ta murna, Inna. Ita ta riƙe mini tsani. Ranar Talata ni na tsayar mata da moto. Na ga hadari. Ban tuna da gada ba. Wallahi ban tuna ba."

Mai riƙe da galan ya matso. Seyni ya shiga tsakani, ya tsaya a gaban Alassan.

"Wanda zai taɓa shi ya fara da ni. 'Yata ce ta mutu, ba ta kowa ba. Ni zan kai shi."

Jummai ba ta yi kuka ba. Ta dubi surukinta, ta dubi rumfar, ta juya ta ɗauki Nafisa da ke bakin ƙofa, ta shige ɗaki ta rufe.

Seyni ya ɗaga Garba, ya cire rawaninsa ya goge masa jinin baki, ya roƙe shi gafara a gaban jama'a. Sannan ya ce wa Alassan ya sa takalmi. Suka bi ta tsakiyar gari a ƙafa, tsohon a gaba, saurayin a baya, babu igiya babu riƙo. A ƙofar jandarmomi Alassan ya tsaya.

"Kawu, me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar da ka zo shago?"

"Ina jiran ka riga ni."

"Na so. Kullum in na buɗe baki sai in ga Nafisa."

"Ni ma ita na gani," in ji Seyni. "Shiga."

* * *

Kafin magariba maƙwabta suka kwance rumfar, Alhaji Yacuba ya aiko mota aka kwashe ƙarafen, ya ce shi zai mayar da su gadar ya haɗa da hannunsa. Tsakar gidan ta koma fili, sai ramukan ginshiƙai da tukwane a kife.

Seyni yana zaune a zaure, bai ci komai ba, sai Jummai ta fito da kwano ɗaure cikin ƙyalle. Ta ajiye a gabansa. Fuskarta ta kumbura.

"Na ƙoshi, Jummai."

"Ba naka ba ne. An ce can ba a ba su abinci sai an kai musu."

Ya ɗago ya dube ta.

"Kada ka dube ni haka, Yaya. Ban yafe ba. Ban san ko zan yafe ba har in mutu." Ta gyara ɗaurin ƙyallen da bai buƙatar gyara. "Ban sa yaji ba, cikinsa ba ya so. Ita ta gaya mini. Kuma kada ka ce daga ni ne."

Seyni ya ɗauki kwanon da hannu biyu. Da ɗuminsa. Ya fita, ya bi hanyar da ya bi ɗazu, yana tafiya a hankali don kada miyar ta zube.